Ranar Da Mai Wutar Jirgi Ya Zo Gidanmu

Ku da kuka cika mini waya da "Haulat ya aka ƙare?", "Haulat an sa rana?", to ga ni. Ku gyara zama, amma duk wadda ta tanadi guɗa ta haɗiye abarta. Baƙin ciki ne tsagwaronsa na kawo muku.

Sababbin zuwa, bari in kama muku zaren a gurguje. Ni 'yar Tudun Wadan Zariya ce, ina zaune a Bin Mahmud a nan Doha, gidan yayana Ghali da matarsa Anti Raliya. Lalle da kitso nake yi a wani salun da ke bayan layinmu. Shi Yaya shugaban masu gadi ne a wani dogon bene a West Bay, kuma wallahi har gida yake biyo mu da aikin nan, ƙofa ma sai ya leƙa ta 'yar huda kafin ya buɗe wa matarsa. Babanmu ya rasu, don haka maganar aurena a bakinsa take. Abin da ya faɗa wa Umma a waya shi kawunnanmu za su bi, ba ƙari ba ragi.

Wanda nake so kuwa Mubarik ne, ƙanin Basiratu abokiyar aikina. 'Yan Nima ne ta Accra, 'yan Zango, amma shi tun yana ɗan saurayi ya bi babansu Amurka ya shiga sojan ruwa. Bara ya zo hutu wajen yayarsa, ya biyo ta salun da mukullin da ta manta, ni kuma hannuna dumu-dumu da lalle na tura masa ƙofa da gwiwar hannu. Daga nan aka fara. Hausarsa irin ta Zango ce, amma da tamu zan rubuta muku maganarsa, don in na sa yadda yake faɗa dariya za ku yi, ni kuma yau ba dariyar nake so ba.

A irin ƙaton jirgin ruwan nan yake aiki, wanda jiragen yaƙi ke tashi suna sauka a gadon bayansa. Kada ku ɗauka matuƙi ne, ni ma da farko haka na zata har na fara hura hanci. Shi can ƙasa yake, a cikin cikin jirgin, inda ba taga ba rana. Jirgin nasu ba da mai yake tafiya ba, tukunyar nukiliya gare shi. Ita ke dafa ruwa ya zama tururi, tururin ya juya injin da ke murza farfela, ya kuma juya janaretocin da ke ba jirgin wuta. Mubarik yana cikin masu raba wutar nan. Ya taɓa ce mini a saƙon murya, "Gari guda ne a kan ruwa, mutum dubbai. In wutarmu ta ɗauke ba girki, ba ruwan sha, liftar da ke hawa da jirage sama ta tsaya, asibitin ciki ma duhu." Na ce ashe dai ɗan nepa zan aura. Ya yi dariya har saƙon ya yanke.

To kalmar nan ta nukiliya ita ta jawo mini komai, kuma da bakina na faɗe ta. Muna cin abinci ina ta zuba, ina yabon gwanina, sai na ga Yaya ya ajiye cokali. Washegari abokinsa Lado direba ya turo masa wani saƙon murya, irin wanda aka yi ta turawa har ba a san mai shi ba. Wani mutum ne yake rantse-rantse, wai duk wanda ya yi aiki kusa da nukiliya gashinsa zubewa yake, fatarsa ta koɗe, kuma shi da haihuwa har abada. Wai abin yana bin jiki, yana bin kaya, mai ciki in ta matso kusa cikin zubewa yake yi.

Anti Raliya kuma tsohon ciki gare ta, cikin da ba a same shi da sauƙi ba. Shekaru suka yi suna nema, ɓari kan ɓari. Na ji irin maganganun da dangi ke yaɓa mata a waya. Na san lokutan da take shiga banɗaki ta kunna famfo don kada a ji kukanta. Saboda haka da maganar nan ta shiga kunnen Yaya, zama ta yi daram.

"Ba zan ba da ƙanwata ga mutumin da aka dafa ba," in ji shi.

"Yaya, ruwa ake dafawa, ba mutane ba."

"Ke rufe mini baki. Kin shiga jirgin ne?"

"Kai ka shiga? Ko Lado ne ya shiga da motar ubangidansa?"

Saura ƙiris ya kwashe ni da mari. Anti Raliya ce ta shiga tsakani, ta yi ta lallaɓa shi kwana da kwanaki, da ƙyar ya yarda Mubarik ya zo gaisuwa. Ya nuna ni da yatsa ya ce, "Zama ɗaya. In na gan shi ban gamsu ba, khalas, magana ta ƙare, kada a sake kira mini sunansa a gidan nan."

Ana haka Allah ya sa jirginsu ya tsaya a wata tasha a yankin nan. Bai faɗa mini wacce ba, ni ma na daɗe da daina tambaya. Ya roƙi ɗan hutu aka ba shi, ya ce Juma'a zai iso, a jira shi da abincin rana.

Yau Juma'ar tun da sassafe na shiga kicin. Dambun shinkafa na yi da zogalen da Umma ta aiko, na soya kaza, na haɗa zoɓo da citta da kanumfari. Har wakye na dafa masa, shinkafa da waken nan nasu, Basiratu ta ba ni shito, soyayyen yajinsu, a kwalba. Na fito da farantan gilashi masu bakin zinariya da Anti ke ɓoyewa a saman firji, na wanke na goge. Sannan na yi wanka na sa atamfata ruwan ƙasa, ɗinkin doguwar riga, na yafa mayafi ruwan madara. Lallen da na zana wa kaina ya kama ya yi baƙi siɗik, turaren wuta kuwa har maƙwabciyarmu 'yar Filifin sai da ta leƙo.

Yaya ya dawo daga masallaci da ledar kantin layinmu a hannu. Na ɗauka lemo ya sayo. Ya zazzage a kan tebur, sai ga farantin roba na yarwa, kofin roba, cokalin roba, da ledar nan mai faɗi da ake shimfiɗawa a ci abinci a kai.

"Yaya, wannan fa?"

"Na baƙonki ne."

Ya ja kujera mai zaman mutum ɗaya ya kai ta can bakin ƙofar baranda, ya lulluɓe ta da ledar, har yana soke gefe-gefe kamar mai shirin fenti. Ya buɗe ƙofar barandar duk zafin da ake yi, wai iska ta riƙa fita. Sannan ya leƙa ɗaki.

"Raliya, ki zauna a ciki. Ko me kika ji kada ki fito."

"Haba Abban Baby, ko gaisawa?"

"Na gama magana."

Ni dai tsaye na yi da faranti a hannu. Na ce masa wallahi wannan wulaƙanci ne, in ba ya son zuwan nasa ya faɗa tun wuri. Ya ce in na ƙara magana shi da kansa zai tare shi a ƙasa ya sallame shi. Na haɗiye, don na san zai aikata.

Ƙarfe ɗaya ta wuce, biyu ta wuce, shiru. Yaya yana zaune yana kaɗa ƙafa yana duba agogo, ni ina kicin ina duba waya har ta yi zafi. Can saƙo ya shigo.

"Na sauka. Yi haƙuri, mu na wuta mu ne ƙarshen fita. Sai da aka jona jirgi da wutar tasha muka tabbatar komai ya zauna. Jirgin saman safe ya wuce ni."

"Yaya ya cika ya batse. Yi sauri."

"Ina hanya da Sista. Ga hoto, ya tsawon kaftanin? Na mijin ƙawarta ne."

"Ka zo dai."

Da suka ƙwanƙwasa Yaya ya leƙa ta hudarsa tukuna, sannan ya buɗe ya ja da baya. Ni ina bayan labulen kicin. Jama'a, na ga Mubarik. Farin kaftani ne a jikinsa, hannun ya ɗan ɗage masa, ga wata 'yar jaka a kafaɗa. Ya rame kaɗan, ya yi haske saboda watannin da ya yi bai ga rana ba. Ya cire hula ya share gumi, sai ga kai an aske ƙwal irin na soja. Na ga inda idon Yaya ya sauka. Kan ya kalla, sannan fatar, sannan ya gyaɗa kai shi kaɗai.

Mubarik ya miƙa hannu biyu yana sallama. Yaya ya dafe ƙirjinsa daga nesa ya amsa.

"Ga wurinka can."

Mubarik ya kalli kujerar, ya kalli ledar, ya je ya zauna. Ledar ta yi ƙara. Basiratu kuwa tana tsaye da abayarta mai duwatsu, ta kalle ni ta labule, na sunkuyar da kai. Da na kawo abinci na zuba wa Yaya da Basiratu a gilashi, na nufi Mubarik da nasa a gilashin shi ma, sai Yaya ya yi gyaran murya ya nuna roba da haɓa. Allah ya sani ji na yi kamar in kife masa tiren a ka. Na juye a robar na kai.

"Na gode," Mubarik ya ce a hankali. "Har da wakye?"

Na koma na raɓe a bakin kicin.

Yaya bai bari ya kai loma uku ba ya fara titsiye. Sunan uba, sunan kaka, malamin da ya yi karatu a wajensa a Nima. Duk ya amsa. Sai dai Mubarik yana da wata ɗabi'a, in ana magana yakan karkato kunnensa na dama, saboda ƙarar injuna ta ɗan taɓa masa na hagu. Yaya ya lura.

"Kunnen ma ya fara tafiya ke nan."

"Ƙarar inji ce, Yaya. Muna toshe kunne, amma shekaru ne."

"Gashin fa?"

Mubarik ya shafa kansa ya yi murmushi. "Wanzamin jirgi ne. In na bar shi mako biyu za ka ce a kira mai yankan ciyawa."

Ba wanda ya yi dariya. Yaya ya ce ya daina kwana-kwana, ya faɗa masa gaskiya shi da Allah, me ke cikin tukunyar nan da suke zama da ita. Mubarik ya ajiye cokali ya gyara zama. Ya nuna butar shayi da na ɗora tana huci a kicin.

"Kamar waccan ce, Yaya, sai dai ita ba ta son gas. Zafi take bayarwa, shekara da shekaru ba a ƙara mata komai. Tana kulle a ɗakinta, bango ne na ƙarfe mai kauri, ba mai shiga tana aiki. Ruwan da ke taɓa ta daban, ruwan da ke zama tururi ya zo wajen injuna daban, ba sa haɗuwa. Ni a wajen allunan raba wuta nake. Janareta ya bayar, mu mu aika: wannan layi na famfo, wannan na na'urar hango jirage, wannan na kicin. In ɗaya ya samu matsala mu juya kan wani kafin wanda ke tiyata a sama ya san an yi wani abu. Kuma kowannenmu yana da ɗan ma'auni a ɗamara, kamar akwatin ashana, ana dubawa a ga abin da jikin mutum ya ɗauka. Nawa bai taɓa kusantar inda ake tsoro ba."

Ni har na fara sauke ajiyar zuciya, na ce ai magana ta fito fes. Sai Yaya ya tafa hannu.

"Yawwa! Ka kama kanka. In babu komai, me ya sa ake rataya muku ma'auni? Ni da nake gadi an rataya mini?"

"Don a tabbatar babu ne, Yaya."

"Ka taɓa aure?"

"A'a."

"To da me ka san kana haihuwa?"

Innalillahi. Na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na ga jijiyar wuyan Mubarik ta motsa. Ya ce haihuwa ta Allah ce, amma abokan aikinsa da yawa suna da iyali, shugabansu da ya fi kowa daɗewa a wajen 'ya'yansa huɗu.

Yaya ya taɓe baki. "Mutumin da ke wata da watanni a teku? Ka tabbata nasa ne?"

Nan Basiratu ta miƙe, mayafinta ya zame ba ta ko kula ba.

"Malam Ghali, ya isa! Mu ba kuturu muka kawo maka ba. Ƙanina ne, ciki ɗaya. A ɗakina ya kwana bara, a kwanona ya ci, ga ni nan ban mutu ba!"

"Ke ai ba ciki gare ki ba."

"Sista, zauna," in ji Mubarik. "Gidansa ne. Yana da haƙƙin ya tambaya."

Wallahi wannan haƙurin nasa ya fi komai ƙona mini rai. Na so ya tashi ya buga tebur, ya nuna wa Yaya shi ma namiji ne. Amma ya zauna a kan leda yana amsa tambaya, gumi yana bin wuyan kaftanin aro. Aka kira La'asar a masallacin layinmu, aka tayar, aka idar, Yaya bai gama ba. Da ya ga lokaci na tafiya ya ce su yi a nan.

Kun san mutum biyu in za su yi jam'i, mamu a daman liman yake tsayawa, kafaɗa da kafaɗa. Mubarik ya yi alwala ya zo ya tsaya a daman Yaya. Yaya ya matsa hagu. Mubarik ya ɗauka gyara tsayuwa ake yi, ya matso. Yaya ya sake matsawa har kafaɗarsa ta taɓa bango, sannan ya sa ƙafa ya tura ɗayar dardumar gefe.

"Tsaya a can."

"Yaya, sahu fa?"

"Allah yana gani. Tsaya a can."

Haka suka yi sallar nan, tsakaninsu filin da mutum biyu za su shige. Ina kallo ta labule hawaye na zuba a kan atamfata. A gaban Allah ma sai da aka ware shi. Basiratu ta juya baya tana kallon firji, tana ta ƙunƙuni da Hausarsu ta Zango.

Suna sallamewa sai muka ji ƙofar ɗaki ta buɗe. Anti Raliya ce, da zumbulelen hijabi ruwan toka, tana tafe tana dafe ƙugu. Ashe duk tana ji.

"Raliya! Me na ce miki?"

"Ka yi haƙuri Abban Baby, ba zan iya ba. Baƙo ya zo gidana ya tafi ban gaishe shi ba? Sannu da zuwa, Mubarik. Ka yafe mana."

Fuskar Mubarik ta saki, karo na farko tun shigowarsa. Ya miƙe da sauri ya gaishe ta, ya janyo 'yar jakarsa.

"Anti, Haulat ta ce mini kin kusa. Na ga wannan a kantin cikin jirgi, na ce na baby ne. Tun watannin baya yake cikin akwatin kayana, kusa da gadona."

Wata 'yar rigar jarirai ce, shuɗiya, da hoton jirgi a ƙirji. Ya miƙa mata. Anti ta miƙo hannu tana murmushi, cikinta ya turo gaba.

'Yan uwa, ga inda nake so ku saurare ni da kyau, don ba zan ɓoye muku ba. Ban san lokacin da na baro bakin kicin ba. Kawai ganina na yi a tsakaninsu, na ba Anti baya na tare cikinta, na sa gefen mayafina na naɗe hannuna na karɓe rigar.

"Kawo in ajiye mata," na ce.

Da mayafi. Ba da hannuna ba. Abin da ya faɗo mini a rai a lokacin shi ne wata da watanni rigar nan tana cikin jirgin, da ƙarar famfon banɗaki, da muryar mutumin nan mai rantse-rantse. Ni da na yi mako biyu ina zagin saƙon Lado, ashe ya samu wuri a cikina ya kwanta.

Mubarik bai kalli fuskata ba, hannuna ya kalla, yadda na riƙe rigar nesa da jikina. Na yi sauri na warware mayafin na damƙe ta da tafin hannu, amma an riga an gani.

Yaya ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"To ka gani. Ni ban ce komai ba. Ita ma ta sani."

Mubarik ya ɗauki hularsa ya sa. Ya yi wa Anti godiya, ya yi wa Yaya sallama da ladabi kamar ba abin da ya faru. Ya tattara farantin robar da kofin da kansa, ya tambayi ina kwandon shara. Basiratu ta wuce ni kamar ba ta taɓa sanina ba.

Na bi su. Yaya yana kira ina ji, ban waiwaya ba, ko lifta ban jira ba na bi matakala da silifas ɗin kicin. Na same su a ƙofar bene, Basiratu ta riga ta shige tasi. Rana ta yi sanyi amma iskar kamar daga bakin murhu.

"Mubarik, don Allah tsaya. Wallahi ban san na yi ba."

"Na sani. Shi ya sa ya yi zafi."

"Tsoro ne kawai, saboda Anti. Ka san abin da ta sha."

"Yayanki bai san ni ba, Haulat. Leda, roba, duk na ɗauka, na ce mutum ne yana tsoron abin da bai sani ba. Sallar ce ta taɓa ni, ita ma na haɗiye. Amma ke na zauna na yi miki bayanin aikin nan tun daga tukunya har soket ɗin da nake cajin waya in kira ki."

Na fashe da kuka a titi, wani ɗan Nepal mai kai saƙo a babur har ya rage gudu yana kallo. Na ce ya bar aikin mana, ya nemi na wuta a tudu, ko a nan Doha, kowa ya huta.

"Ko na bari gobe, shekarun da na yi suna nan. Ba su zan goge ba." Ya karkato kunnensa na dama kamar kullum, amma idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Tambaya ɗaya zan yi miki. A ce Yaya ya yarda, an ɗaura. Shekara ta wuce, biyu, uku, Allah bai kawo haihuwa ba, kamar yadda yake jinkirta wa kowa. Ko ya kawo ya karɓe. Ranar nan, in kin kalle ni, me za ki gani? Mijinki, ko jirgin?"

Na buɗe baki. Ku da kuka san ni kun san ba a rasa magana a bakina, kwastoma ma sai ta ce in yi shiru in gama mata kitso. Amma wallahi babu abin da ya fito. Ya jira. Direban tasi ya leƙo ya ce, "Yalla, yalla."

"Gobe da hantsi zan koma," in ji Mubarik. "In na sauka ƙasan jirgi waya sai Allah ya sa. Ki ba ni amsa kafin nan. Kada ki amsa don tausayi, na ƙoshi da shi yau."

Ya shiga, suka tafi.

Da na hau sama na tarar Yaya ya naɗe ledar kujera da dardumar da Mubarik ya yi salla a kai, ya cusa a baƙar leda, yana baranda yana neman layin Umma. Anti Raliya tana zaune a kicin kan 'yar kujera. Ta ɗauko rigar daga inda na yar da ita, ta shimfiɗa a kan cikinta tana gyara 'yan hannayen.

"Me kika ce masa?"

"Ban ce komai ba, Anti."

Ta daɗe tana kallona, irin kallon da ba ta taɓa yi mini ba.

"Yayanki yana da hali, na fi kowa sani, kuma abin da ya yi yau sai ya nemi gafara. Amma duk shekarun da na yi ba haihuwa, duk abin da danginku suka faɗa, ko sau ɗaya bai taɓa janye hannunsa daga jikina ba. Ke tun ba a ɗaura ba kin naɗe naki."

Na shige ɗaki na turo ƙofa. Ina jin muryar Yaya ta baranda, layi ya shiga, yana cewa, "Umma, ai yarinyar da kanta ta gane." Ina jin haushinsa kamar in mutu, ina jin haushin Lado da wanda ya ƙirƙiro saƙon nan, amma duk cikinsu ba wanda nake jin haushi kamar Haulat.

Yanzu aka kira Magariba. Na buɗe shafinsa, yana kan layi, bai rubuta komai ba. Na rubuta, "Mijina zan gani." Kalma uku, suna nan a gabana, yatsana yana kan alamar turawa. Ina son mutumin nan, Allah shi ne shaida. Sai dai da rana ma rantsuwa zan yi muku cewa ba na tsoronsa, kuma kun ji abin da hannuna ya yi.